Thou art, da "ku" ɗin Auta

Talata, bayan sallar isha'i.

Babu wuta tun la'asar. Miyar kuka ta yi gishiri, ba wanda ya ce uffan, ni ma na yi shiru.

Auta ta zo da yamma da littafin adabinta na WAEC, fuska a murtuke. Wai me ya kawo maganar zane cikin rigimar sarakuna? Na duba, ashe "thou art" ta gani. Ita dai a saninta art zane-zane ne da fenti. Dariya na yi har da riƙe ciki, ta ji haushi. Na ce mata wannan art ɗin are ne na Turancin mutanen da, abokin tafiyar thou. Sai ta zaro takardar da ta tara wasu: hast, wato have, ta ɗauka haste ne, gaggawa, dost kuma, wato do, ta fassara shi da ƙura saboda dust. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wilt, don a nan ba laifinta ba ne. Harafi ɗaya bai bambanta shi da wilt na ganyen da ya yi yaushi ba, alhali "thou wilt" na nufin za ka yi.

Na shimfiɗa mata abin yadda na iya. Idan thou ne, yawanci aikatau ya ƙare da -st. Idan shi ko ita ne, ya ƙare da -th: hath, doth, goeth. Wannan -s da muke fama da ita a has da goes daga arewacin Ingila ta gangaro. Wajejen 1600 duka biyun suna yawo a Landan, shi ya sa Shakespeare yake cakuɗa su, amma fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta riƙe -th gam.

Sai ta tambaye ni ina thou ya tafi. Na ce thou kamar kai ko ke ne, na mutum ɗaya, na kusa da kai ko na ƙasa da kai. You kuwa ku ne, na jama'a da na girmamawa. Turawa suka yi ta ce wa juna ku, don gudun a ce an raina wani, har kai da ke suka ɓace a bakinsu, sai ɗan ɓurɓushi a wurare irin su karkarar Yorkshire.

Ta rubuta, ta rufe littafi, ta ce, "Yaya, kun gama? Zan tafi kar Umma ta yi faɗa."

Kun gama. Yarinyar da na goya, wadda muke kwana gado ɗaya, mai ce min "ke dalla matsa" da tsakar dare. Tun da na yi aure ta koma ku, kuma sai yau kunnena ya kama. Umma ce ta sa ta, na sani, tarbiyya ce. Amma na raka ta bakin ƙofa ina jin kamar baƙuwa na sallama.

Abban Nana ya ce ina neman abin damuwa ne kawai. Wataƙila.

Ta manta da bironta a kan tabarma. Gobe za ta dawo da shafi na gaba.