Garejinmu na Baburan Daji a Jos da Masu Son Fara Tseren Enduro

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da sufana a garin Jos, kuma tara daga cikinsu na yi su ne a kan baburan daji kaɗai, wato irin dogayen baburan nan masu taya mai manyan haƙora da ake hawa duwatsu da kwazazzabai da su. Kusan duk matashin da ya shigo garejina da niyyar fara wannan wasa, da waya a hannu yake shigowa, ya nuna mini bidiyon gasar Erzberg ta ƙasar Ostiriya, ya ce, "Oga, irin wannan nake so ka haɗa mini." Nakan ba shi kujera in gaya masa cewa tun 1995 ake yin gasar nan a cikin wata mahaƙar ƙarfe, mutum 500 ne suke tashi a ranar ƙarshe, ana ba su awa huɗu, kuma akwai shekarun da waɗanda suka kai ƙarshe ba su cika goma ba. Daga nan sai mu fara maganar abin da ya kamata ya fara da shi.

Enduro tsere ne na juriya. Ba zagayen fili ake yi ba kamar yadda wasu suke zato, doguwar hanya ce ta daji da dutse da rafi wadda ake bi bisa lokacin da aka ƙayyade, sannan a wasu wurare a auna saurin kowa. Gasa mafi daɗewa a wannan fanni ita ce ta kwana shida, wadda aka fara a garin Carlisle na Ingila a 1913, kuma abin da ya fi burge ni a dokarta shi ne mahayi da kansa yake gyaran babur ɗinsa, a cikin 'yan mintocin da aka ba shi safe da yamma, bayan haka a kulle baburan a wuri guda har gari ya waye. Saboda haka ne duk wanda ya kawo mini babur nake sa shi ya tsuguna kusa da ni ya ga abin da nake yi, domin a tsakiyar duwatsun Shere babu bakaniken da zai kira.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, mutumin Agadas ne. Yana yaro lokacin da ayarin tseren Faris zuwa Dakar yake ratsa garinsu, kuma ya sha ba ni labarin yadda Turawa suke kwana suna kwance injin a kan tabarma da fitila a goshi. A wurinsa na fara jin sunan Cyril Neveu, wanda ya ci tseren farko a 1979 a kan Yamaha XT500, kuma irin wannan babur ɗin ne na fara kwancewa a rayuwata. Tseren hamada daban yake da enduro, amma tarbiyyar hannu ɗaya ce. Wata uku cur bai bar ni na taɓa injin ba, aikina kawai wanke soson matatar iska da ɗaure wayoyin wili. Yakan ɗauki ƙaramar sufana ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa, idan ya ji wadda ƙararta ta mutu sai ya ce, "Ɗana, wannan ba ta amsa ba, sake." Har yau da kunne nake ɗaure wili, kuma wilin da ya fita daga hannuna ba ya dawowa a karkace sai dai idan dutse ne ya lanƙwasa shi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi babur mai girman injin cc 250 ko ƙasa da haka, ya rabu da mai 450 sai hannunsa ya faɗa. Babur ɗin enduro na gaske nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, kujerarsa ta kusa mita ɗaya daga ƙasa, tayar gaba inci 21, ta baya inci 18, kuma mai koyo zai faɗi ya ɗaga shi sau da yawa a rana guda. Ƙarfin da ya wuce gwanintar mutum gajiyar da shi yake yi tun kafin a yi nisa. Akwai injin da ake gauraya masa mai da fetur, mai sauƙin nauyi da sauƙin gyara, akwai kuma mai baƙin mai a ciki, wanda ya fi laushin tafiya amma gyaransa ya fi cin kuɗi. Idan littafin babur ya ce a gauraya ɗaya cikin hamsin, mililita 20 ke nan a kowace lita, kuma da kofin awo ake zubawa, ba da ido ba.

Aikin da na fi alfahari da shi shi ne saita shokozoba, domin a nan ne ake gane wanda ya san babur. Nakan ɗora babur a kan kujerar aiki har tayar baya ta bar ƙasa, in auna daga tsakiyar wili zuwa wata alama da nake yi a jikin madogarar baya, in rubuta. Sai in sauke shi, mai shi ya hau da dukan kayansa, hular kwano da takalmi da jakar ruwa, yarona ya riƙe kan babur, in sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kusan milimita 105, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyakar lotsawar bayan. Idan ya wuce haka gaban babur zai yi sama ya ƙi shiga kwana, idan kuma bai kai ba bayan zai riƙa harbin mutum a kan duwatsu. Kamfanin KTM yana saka sifirin da ya dace da mahayi mai kilo 75 zuwa 85, saboda haka wanda ya fi haka ko bai kai ba sai an canja masa sifirin gaba ɗaya, matsewa kawai ba ta warware matsalar. Haka kuma Jos tana kan tudu kusan mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba, don haka babur mai kafireta da aka sayo daga can yakan zo yana shan fetur fiye da kima yana baƙanta fulogi. Launin fulogin nake dubawa in rage wa kafireta jet, wato 'yar kafar da fetur yake bi, har sai fulogin ya koma ruwan ƙasa.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne jabun kaya. Wani dila da na daɗe ina hulɗa da shi ya taɓa aiko mini da fistin da ringi a cikin kwali mai kyau da tambarin kamfani, na saka wa wani ƙanen abokina, ko awa shida bai yi a kai ba ringin ya karye ya kankare silinda. Ni na biya gyaran daga aljihuna, domin sunana ne a kai. Tun daga ranar duk fistin da ya shigo sai na ɗora shi a sikeli na auna faɗinsa kafin ya kusanci injin, kuma na daina sayen kaya a wurin mutumin. Haka jabun sarƙa, a ido lamba 520 ce kamar ta gaske, amma fita biyu a cikin laka sai ta miƙe ta cinye haƙoran da take hawa.

Masu ciniki kuma nasu daban ne. Mutum zai sayi babur na miliyoyi ba tare da ya yi tayi ba, amma idan aka zo kan hular kwano da takalmi da abin kare gwiwa sai ya ce ya ga mai rabin kuɗin a kasuwa. Ina da wata jabun hula da na raba biyu da zarto na rataye a bango, cikinta ɗan siririn soso ne kawai, kusa da ita kuma ga ta gaske mai kauri da tambarin gwajin Turai. Nakan miƙa wa mutum su biyun ya matsa da yatsansa. Akwai kuma masu ɗaukar babur ɗin acaɓa su saka masa taya mai haƙora, su ɗaga madogarar gaba, su sayar wa yara a matsayin na daji, alhali firam ɗinsa da birkinsa ba a yi su don saukowa daga dutse ba. Irin waɗannan idan an kawo mini nakan ce a mayar da su kan kwalta.

Kowace Asabar da hantsi muna fita da sababbin mahaya zuwa tsofaffin ramukan kuza da ke bayan gari. Ranar farko ba na barin kowa ya wuce giya ta biyu. Tsayuwa a kan matakai ake koya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, yatsa ɗaya a kan kuloci, ɗaya a kan birkin gaba, ido a can inda za a je. Iskar taya muna barinta tsakanin 12 zuwa 14 a ma'aunin iska na PSI, mu ɗaure abin da yake riƙe taya a jikin wili don kada ta zame ta tsinke bakin tub. Kafin mu dawo kuma kowa sai ya kwantar da babur ɗinsa a ƙasa, ya cire tayar baya, ya fitar da tub ya mayar da shi ta hanyar amfani da ƙarafa uku da ke cikin jakarsa, ni kuwa ina tsaye da agogo. A makon jiya wani ɗalibin jami'a da ya fara da minti arba'in ya gama a minti goma sha ɗaya ba tare da ya tsunkule tub ba, kuma shi na sa ya nuna wa mutum biyun da suka zo sababbi.