Wasiƙa Daga Amurka: Kewar Ɗakin Kwanan Ɗalibai

Zuwa ga 'yan uwana masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa daga yankin Boston, inda a ƙarshen watan Agusta na kowace shekara tituna kan cika da iyaye suna sauke akwatunan 'ya'yansu a ƙofar ɗakunan kwanan jami'o'i. A Harvard, wadda aka kafa a 1636, har yau ana kwantar da wasu sababbin ɗalibai a saman ginin Massachusetts Hall da aka gina tun 1720. Duk wanda ya taɓa zaman hostal, idan ya ga yaro rungume da matashin kai yana neman lambar ɗakinsa, sai kewa ta taso masa, ni ma ban tsira ba. Abin da nake so mu tattauna shi ne ainihin abin da muke kewa.

Gaskiya dai ba jin daɗi ba ne. Ɗakin ƙarami ne, gadon mai hawa biyu ne, katifar kuwa ta ga jiya ta ga yau. Akwai mai munshari, akwai wanda ba ya iya karatu sai dare ya raba alhali na ƙasansa ba ya iya barci sai an kashe fitila, ga layin banɗaki da sassafe, ga wanda zai ari rigarka ya je lakca sai dai ka gan ta a jikinsa. A lokacin ranka ɓaci yake yi, amma yau da dariya ake ba da labarin. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa ɗacin abin da ya wuce yakan dusashe da sauri fiye da daɗinsa, kuma idan mutum ya manyanta, abubuwan da suka same shi tsakanin shekara goma zuwa talatin su ne suka fi zama daram a zuciyarsa. Zaman hostal a tsakiyar waɗannan shekaru yake faɗowa.

A ganina, abin da muke kewa shi ne zama da mutanen da ba mu muka zaɓe su ba. Hukumar makaranta ce ta rubuta sunaye a takarda, sai ka wayi gari kana kwana taku biyu daga wani wanda harshensa daban, tarbiyyarsa daban, fannin karatunsa daban, kuma babu inda za ka guje masa har zango ya ƙare. Nan kusa da ni, a jami'ar MIT, masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa biyu sun yi nazarin gidajen da aka zaunar da tsofaffin sojojin da suka dawo karatu bayan Yaƙin Duniya na Biyu tare da iyalansu, suka wallafa sakamakon a 1950. Sun gano cewa tazarar ƙofa ce ke yanke hukunci a kan abota: kashi 41 cikin ɗari na maƙwabtan da ƙofofinsu ke manne sun zama aminai, aka sauko zuwa kashi 22 idan akwai ƙofa ɗaya a tsakani, sannan kashi 10 kacal ga waɗanda ke ƙarshe da ƙarshen baranda. Waɗanda ɗakinsu ke gindin matakala kuwa sun fi kowa abokai a bene na sama, don kawai kowa ta gabansu yake wucewa. Ke nan aminin da kake ji kamar ciki ɗaya kuka fito, wanda ya tsaya maka ranar aurenka, mai yiwuwa lambar ɗaki ce ta haɗa ku.

Haɗuwar ba ta tsaya ga abota ba. A kwalejin Dartmouth ta jihar New Hampshire, inda ake raba wa sababbin ɗalibai ɗaki ta hanyar ƙuri'a, masanin tattalin arziki Bruce Sacerdote ya nuna a 2001 cewa ƙwazon abokin ɗaki yana taɓa sakamakon jarrabawar ɗalibi, yana kuma tasiri a kan ƙungiyar da zai shiga, ko da yake bai ga alamar yana canza masa fannin karatu ba. Magabata sun riga shi da suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya zauna da mai tashi karatu kafin asuba ya san kunyar da ke hana mutum ci gaba da barci.

Sai kuma hirar dare, wadda ita ce na fi kewa. Bayan an kashe fitila, kowa na kwance yana kallon rufi, sai wani ya jefo tambaya, daga nan mai karatun likitanci da mai karatun shari'a da mai karatun tarihi su kama musu a kan abin da babu wanda ya ƙware a kai. Babu malami, babu maki, babu wanda ke neman burge wani, domin wanda ya ga hawayenka ranar da sakamako ya fito ba ka da sauran abin ɓoye masa. A nan mutum ke koyon sauraron ra'ayin da ya ƙi jini ba tare da ya tashi ya fita ba, tunda ba shi da wani gadon. A wani ɗakin kwana na Kirkland House a Harvard Mark Zuckerberg da abokan zamansa suka buɗe Facebook a watan Fabrairun 2004. Yau a Facebook ɗin muke lalubo tsofaffin abokan ɗakinmu, kuma a can ɗin ne muke toshe duk wanda maganarsa ba ta yi mana ba da taɓawar yatsa ɗaya, abin da hostal bai taɓa ba mu dama ba.

Kada kewa ta sa mu ƙawata abin da bai dace ba. Cusa mutum takwas a ɗakin mutum huɗu, ko barin ɗalibai babu ruwa babu tsaro, gazawar masu kula da makaranta ce, kuma babu wata tarbiyya a cikinta. Akwai kuma waɗanda aka zalunta a hostal, su ba sa tuna shi da alheri, suna da hujja. Amma ina ganin ɗaya gefen a nan ƙasar, inda gine-ginen haya na ɗalibai ke ƙaruwa, kowa da ɗakinsa da banɗakinsa, ya rufe ƙofa ya toshe kunne da waya, har ya gama shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa Harvard ta ba ɗalibai kwana biyar su kwashe kayansu, lakca ta koma intanet cikin ɗan lokaci, amma ba a sami hanyar mayar da baranda da hirar dare can ba.

Don haka ga iyayen da ke shawarar kama wa ɗa ko 'ya ɗakin haya na shi kaɗai tun shekarar farko, ra'ayina shi ne a je a duba hostal ɗin da ido. Idan akwai tsaro da tsafta da ruwa, kuma adadin masu kwana bai wuce adadin gadaje ba, a bar yaro ya yi ko da shekara ɗaya a ciki, daga baya ya zaɓa da kansa.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Boston