Dannewa daban, kawarwa daban

An ba ni aikin mayar da wata takardar wayar da kai daga Turanci zuwa Hausa, wadda za a riƙa raba wa masu karɓar maganin cutar ƙanjamau a asibiti, kuma duk takardar babu abin da ya tsayar da ni sai jimla ɗaya, wadda har yau idan na tuna abin da aka yi mata raina yakan ɓaci. Jimlar ta ce maganin "suppresses the virus". Na rubuta cewa maganin yana danne ƙwayar cutar, ya hana ta hayayyafa muddin ana shan sa kullum. Sai da takardun suka fito daga maɗaba'a na ga wanda aka ba duba fassarar ya goge "danne" ya sa "kawar da", ya kuma cire zancen shan magani kullum, wai don jimlar ta yi tsawo.

Na san inda ya samo nasa. Mutumin ya daɗe a ɗakin labarai, inda "suppress" kusan kullum tare take zuwa da bore ko zanga-zanga, a ce sojoji sun murƙushe tawaye, mai sauraro kuwa ya ɗauka an gama da shi. Amma asalin kalmar daga Latin yake, kuma ma'anarta tausa abu ƙasa, dangi ɗaya take da "repress" da "oppress". Wanda ya danne tari a cikin masallaci tarin na nan a ƙirjinsa, wanda ya danne hujja a gaban shari'a ɓoye ta ya yi, tana nan inda ya ajiye ta. A bakin likita kuwa wannan bambanci shi ne komai, domin ƙwayar HIV, mai haddasa ƙanjamau, tana laɓewa a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki inda magani ba ya fitar da ita, kuma idan aka daina sha, yawanci cikin 'yan makonni take sake yawaita a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar an danne cutar idan adadinta bai wuce 1,000 a mililita ɗaya ta jini ba, kuma shi ne buri na uku a shirin yaƙi da ƙanjamau na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna 95-95-95, wato a danne cutar a jikin kashi 95 cikin ɗari na masu shan magani. Ko wanda gwaji ya kasa gano ƙwayar a jininsa ba a ce ya warke ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kira ni. Ta ce wata mata da sakamakon gwajinta ya yi kyau ta zo da takardar a hannu, tana murna, tana tambaya ko yanzu za a sallame ta daga karɓar magani tunda ga shi a rubuce an kawar da cutar. Alhamdulillahi ita ta tambaya. Abin da ya hana ni barci shi ne waɗanda suka karanta suka yanke hukunci a gida ba su tambayi kowa ba. An tattara abin da ya rage na takardun an sake bugawa, kuɗi suka tafi, amma waɗanda suka riga suka shiga jakunkunan mutane babu mai iya bin su gida-gida.

Tun daga nan na zauna na bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, domin mu "hana" guda tana ɗauke mana nauyi mai yawa, shi kuwa Bature ya rarraba ta gwargwadon ko abin ya auku, ko yana tafiya da ƙyar, ko an riƙe shi ne na ɗan lokaci. "Prevent" ita ce hanin da abin bai ma faru ba, shi ya sa take tafiya da rigakafi. "Hinder" da "hamper" da "impede" cikas ne kawai: idan rahoto ya ce ambaliya "hampered" aikin ceto, aikin ya ci gaba cikin wahala, kuma mai fassarar da ya ce ambaliya ta hana aikin ceto ya gaya wa iyalan waɗanda abin ya shafa cewa babu wanda ya je wurin 'yan uwansu. "Curb" daga kayan doki ta fito, sarƙar linzami ce da ke bi ta ƙarƙashin haɓa, kuma mai jan linzami tafiya yake ragewa, dokin na nan da ƙarfinsa. Don haka idan Babban Bankin Najeriya ya ƙara kuɗin ruwa "to curb inflation", rage kaifin hauhawar farashi yake nufi. "Deter" hani ne ta hanyar tsoron abin da zai biyo baya, "prohibit" da "ban" kuwa haramtawa ce ta doka. "Inhibit" ta fi zama a bakin masana kimiyya, kuma a cikin takardar tawa ma ta fito, domin dolutegravir da ke cikin maganin da yawancin marasa lafiyar ke sha tauye aikin wani sinadari yake yi wanda ƙwayar ke buƙata kafin ta shigar da kanta cikin ƙwayar halittar mutum.

"Restrain" ta fi kowacce kama da "suppress" wajen yaudara. Idan kotu ta ba da umarnin wucin gadi ta ce wane "is restrained from" taɓa fili, dakatar da shi aka yi har a saurari ƙara, ba a ce filin ba nasa ba ne, amma sau da yawa mutum yakan ji an karanta masa ya koma gida yana salatin an ƙwace masa gona. Kada kuma a haɗa ta da "refrain", wadda mutum ne ke kame kansa da kansa.

Yanzu duk kalmar hani da na tarar nakan tambayi kaina ko abin da aka hana yana nan bayan an hana shi, idan yana nan kuwa, me ke riƙe da shi, domin sharaɗin nan dole ya fito a Hausar ko da jimlar za ta ninka tsawo. Sharaɗin shi ne abin da aka fara yankewa a takardata, kuma yanke shi ya fi canjin kalmar illa. Ina kuma rubutawa a cikin yarjejeniya cewa ba za a kai fassarata maɗaba'a ba sai na ga gyaran ƙarshe da idona, takardar lafiya kuwa sai wani ma'aikacin asibiti mai jin Hausa ya karanta ta a gabana, ya faɗa mini abin da mara lafiya zai fahimta. Wasu masu ba da aiki suna ganin na cika tsanani, wani ma ya janye nasa saboda haka, na kuwa bar shi ya tafi da shi.