Tela a Anbariya

Yau bayan la'asar na bi ta Anbariya nan Madina, gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz, in karɓo ɗinkina wurin wani dattijo Bahaushe. Na tarar yana ɗaure keken ɗinkinsa da igiya, rabin shagunan layin a rufe sai ƙura. Na ce Baba lafiya? Ya ce, "Ɗana, haya ta fi ciniki, kowa ya koma mol ko oda ta waya." Wallahi jikina ya yi sanyi, shi fa yake ɗinka mana kayan sallah tun muna yara.

Tashar da jirgi ya iso daga Sham a 1908 an gyara ta, ta zama gidan tarihi. Ni dai damuwata, a shekarun Baba wace sana'a kuma zai fara?