Shekarar da Medicare ta zaftare mana kuɗi

Na daɗe ina duba marasa lafiya a wani asibitin unguwa a Amurka, kuma akasarin masu zuwa wurina tsofaffi ne da ke ƙarƙashin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga wanda ya kai shekara 65. Tun 2017 aka fara auna mu da MIPS, tsarin Medicare na auna ingancin aikin likitoci, wanda dokar MACRA ta 2015 ta kawo. Ana ba likita maki daga 0 zuwa 100, sai bayan shekara biyu a yi masa ƙari ko ragi a kuɗin aikinsa. Da farko ragin bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, yanzu yana kaiwa kashi 9.

A 2022 aka ɗaga makin tsira daga ragi zuwa 75, mu kuwa ba mu kai ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san irin wahalar da muke sha a kan mutanenmu.

Ni da babbar nas ɗinmu muka zauna muna bin fayil ɗaya bayan ɗaya, har muka gano inda gizo ke saƙa. A ma'aunin ciwon suga, duk wanda gwajin HbA1c ɗinsa (gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya) ya haura 9 an ɗauka sugansa ya fi ƙarfinmu. Ashe wanda babu sakamakonsa a rubuce ma a layi ɗaya ake sa shi. Mu kuma in an yi gwaji a waje, hoton takardar kawai muke ɗorawa a kwamfuta, ba ma shigar da lambar a gurbinta. An yi gwajin, na gani da idona, na canza magani, amma a wurin gwamnati kamar ba a yi komai ba.

Haka ma hawan jini. Awon ƙarshe na shekara ake dubawa, kuma sai ya sauka ƙasa da 140/90. Tsohuwa ta sauko daga bas tana haki, a auna nan take, ya hau. Na kan sake aunawa bayan ta huta, amma na farkon ne ke zama a fayil. Wannan kam laifinmu ne, kuma gyaransa ya amfani marasa lafiya: yanzu kowa sai ya zauna minti biyar kafin a ɗaura masa abin awo.

Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne wani dattijo da sugansa ya ƙi sauka. Shi kaɗai yake zaune, idonsa ya raunana, ba ya ganin layukan allurar insulin da kyau. Wani abokin aiki ya ce, “Likita, me zai hana ka tura irinsu wani wuri? Suna ja mana maki ƙasa.” Na ƙi. Kuma na san ƙarin da ake ba masu babban maki daga aljihun waɗanda aka zaftare wa yake fitowa, sau da yawa asibitocin da ke fama da irin wannan dattijo.

Makinmu ya haura 75 a shekarar da ta biyo. Dattijon kuwa mun samo masa allurar insulin mai siffar alƙalami, mai yin ƙara idan an murɗa, yana ƙirgawa da kunne. Sugansa na nan sama da 9, kuma ranar Alhamis zai dawo.