Sikila gare ni, ba 'yar ƙwaya ba ce

Hunturun bana sau biyu ya kwantar da ni. Na biyun da ƙarfe ɗayan dare ya taso, daga ƙugu ya gangara cinyoyi, kamar ana kwankwatsa ƙashin da taɓarya. Umma ta dafa ruwa tana gasa min da tawul, na sha maganin da likita ya rubuta min na gida, shiru kake ji. Dole Yaya ya buga ƙofar maƙwabcinmu mai mota, muka bar Gwammaja sai asibiti.

Shekarata 29 da wannan ciwo. Na san allurar da take min aiki, na san wadda take sa ni amai. Ina faɗa wa nas sunan maganin sai ta ajiye biro ta ƙare min kallo. "Baiwar Allah, har sunan allura kin haddace?" Na ce, "Sista, a asibiti na girma." Ta ce a jira likita. Awa uku na yi a kan benci ina cije da mayafina. In ka yi ihu a ce raki ne, in ka daure a ce ai ciwon bai kai ba.

Na san inda wannan kallon ya samo asali. Duk ɗan Kano ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa yaran unguwa, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Kuma ba zan ɓoye ba, a cikinmu masu sikila akwai waɗanda allurar fenta (pentazocine, mai kashe zafin ciwo) ta kama, cinyoyinsu duk gyambo. Amma ku tambaye su yadda aka fara. Wadda na sani, wulaƙancin asibiti ne ya ishe ta, ta koma wajen mai kemis yana tsira mata ba lissafi.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Na yi murna da dokar gwajin jini kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024. Sai dai ita maganar waɗanda ba a haifa ba take yi. Mu da muka riga muka zo fa?

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A ba kowane mai sikila kati daga likitan jininsa, a rubuta maganin da yake karɓarsa da adadinsa, duk asibitin gwamnatin da ya shiga a Kano a yi aiki da shi ba tare da tuhuma ba. A ajiye mofin, maganin kashe zafin ciwo mai tsanani, a ɗakin gaggawa dare da rana, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan dole. Hydroxyurea kuma, mai rage yawan tashin ciwon, a sauƙaƙa kuɗinsa. Na taɓa yanke shi wata biyu saboda babu.

Ranar 19 ga Yuni ake taron sikila na duniya, a raba riguna a ɗauki hoto. Bana ni takarda zan kai. Na sayi littafi mai bango ja, ranar asibiti ina bin layi ina tambayar 'yan'uwana awa nawa suka jira kafin a ba su magani. Mutum 14 na rubuta zuwa yanzu.