Sunaye bakwai da aka jero mini

Malamin da ya koyar da mu tarihin baka a jami'a ya sha jan kunnenmu cewa salsala tana ƙanƙancewa a bakin mutane: ana riƙe kakan farko da na kusa-kusa, na tsakiya kuma su zube. Na rubuta haka a jarrabawa na ci, amma bai zauna mini ba sai da na taka ƙasar da aka haifi mahaifina, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Na tafi da rikoda da takardar tambayoyi, burina in haɗa jerin kakanni don kundin kammala karatu. Dattawan gidan sun karɓe ni hannu bibbiyu, suka jero mini sunaye bakwai, ɗa bayan uba, ba gargada. Da dare na zauna lissafi. Idan aka ba kowane uba shekara 30 kafin ɗansa, bakwai ba za su wuce shekara 210 ba, alhali abubuwan da suke dangantawa da na farkon sun girmi haka nesa ba kusa ba. Ba ƙarya suka yi mini ba, abin da ya iso kunnensu ke nan.

Yayar mahaifina kuwa ko kallon rikodar ba ta yi ba. "Ɗana, ajiye wannan abin, matso in ga fuskarka." Ta daɗe riƙe da haɓata, sannan ta ce idon mahaifiyarsu ne sak. Na ce, "Gwaggo, yaya sunanta?" Kwana uku ina gidan, babu wanda ya ambace ta, ni ma ban tambaya ba. Daga bakin Gwaggo na ji inda aka auro ta, da ciwon da ya ɗauke ta, da yadda mahaifina ya kasa zaman gidan bayanta har ya bar ƙasar. Abin da ya yi shekaru bai iya faɗa mana ba, ta faɗe shi cikin yammaci ɗaya, muna kuka mu biyu.

Iyaye 2 ne, kakanni 4, nasu iyayen 8, a hawa na bakwai sun kai 128. Jerin da na ƙetare iyaka dominsa mutum ɗaya tak ya riƙe daga cikinsu.

Washegari na yage takardar tambayoyin, na roƙi Gwaggo ta raka ni wurin dangin kakata.